Yadda Muke Auna Kwaleji da Alkawarinta Kafin Mu Aika Wasiƙun Godiya

A kwalejojin Amurka, makonnin da ke tsakanin Ranar Godiya da sabuwar shekara su ne kakar aika saƙonnin godiya. Ranar Godiya, wato bikin da Amurkawa ke kira Thanksgiving, tana faɗowa ne a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Shugaba Abraham Lincoln ne ya shelanta ta a matsayin ranar ƙasa baki ɗaya a 1863, majalisar dokoki kuma ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu a 1941. Bayanta sai jarrabawar ƙarshen zango a watan Disamba, sai hutun hunturu. A wannan ɗan tsakanin shugaban kwaleji zai fitar da saƙonsa, ofishin tara gudummawa zai aika wasiƙu, ɗaliban da ke karatu da tallafi kuma za su rubuta wa waɗanda suka ɗauki nauyinsu. Mu ne kwamitin da ke shirya wannan aiki a wata ƙaramar kwaleji mai zaman kanta, kuma tsarinmu ya rataya ne a kan sharaɗi guda: ba ma aika wa kowa godiya sai mun iya nuna wane alkawari na kwalejin ne aikinsa ko kuɗinsa ya cika.

Muna farawa a makon farko na Oktoba. Wanda ya bari sai Nuwamba ta kama, abin da zai iya kawai shi ne ya ɗauko wasiƙar bara ya canza kwanan wata, kuma masu karɓa suna ganewa.

Zaman farko na karatu ne zalla. Akwai takardu uku da muke ɗorawa a kan tebur: takardar da aka kafa kwalejin da ita, bayanin manufa wanda kwamitin amintattu ya amince da shi, da kuma taken da ke jikin hatimi. Bayanin manufa ba ado ba ne a tsarin ilimin Amurka, domin manyan hukumomin da ke tantance ingancin kwalejoji da dama sun sa shi a matsayin ma'auni na farko da ake auna makaranta da shi. Duk da haka, ma'aikata da yawa ba su sake karanta shi ba tun ranar da aka ɗauke su aiki. Muna karanta takardun a bayyane, layi bayan layi, kuma muna tabbatar da cewa a ɗakin akwai malami, ɗalibi, ma'aikacin kicin, ma'aikacin gyare-gyare, da wakili ɗaya daga amintattu. Dalilin karantawa da murya shi ne ido yana tsallake jimla mai daɗi marar nauyi, amma idan aka karanta ta a gaban mutumin da ke share ƙanƙara tun da asuba, kowa yana jin ko tana da abin da ta ɗauka ko babu.

Daga nan muke yanka takardar zuwa alkawura. Gwajin mai sauƙi ne: shin za a iya saɓa wannan jimla har a gane an saɓa? Jimla irin “muna renon shugabannin gobe” ba ta wuce gwajin ba, domin babu ranar da za a ce ga shi an karya ta. Jimla irin “ba za a raba ɗalibi da karatunsa saboda rashin kuɗi ba” ta wuce, domin ofishin rajista yana da sunayen waɗanda aka hana yin rajistar zango na biyu saboda bashi. A shafi guda na bayanin manufa, yawanci alkawura huɗu zuwa shida ne ke tsira. Sauran buri ne. Ba ma raina buri, amma ba ma gina wasiƙar godiya a kansa.

Idan sabon ɗan kwamiti ya kasa gane bambancin, misalin da muke kawo masa shi ne Kwalejin Berea da ke jihar Kentucky. Wani malamin coci mai yaƙi da bautar da bayi, John G. Fee, ne ya kafa ta a 1855, a jihar da a lokacin ake cinikin bayi, kuma ya ɗauko takenta daga Littafin Ayyukan Manzanni, sura 17 aya 26, mai cewa Allah ya yi dukan al'ummomin duniya daga jini ɗaya. Abin da ya sa take misali shi ne taken ya zama aiki da za a iya ƙirgawa. Ta koyar da baƙar fata da farar fata, maza da mata, a aji ɗaya. Tun 1892 ba ta karɓar kuɗin karatu daga ɗalibanta. Kowane ɗalibi yana yi wa kwalejin aiki na aƙalla sa'o'i 10 a mako. A 1969 ta rubuta manyan alkawuranta a hukumance, waɗanda yanzu guda takwas ne, don kowa ya iya riƙe ta da su. Kuma tarihinta ya nuna yadda alkawari ke shiga tsaka mai wuya: a 1904 jihar Kentucky ta kafa dokar da ta haramta koyar da baƙi da farare a makaranta ɗaya, kwalejin ta kai ƙara har Kotun Ƙoli ta sha kaye a 1908, kuma sai a 1950 da aka sassauta dokar ta sake ɗaukar ɗalibai baƙar fata. Shekara 46 ke nan taken yana jikin hatimi alhali azuzuwan ba su yi kama da shi ba. Kwalejin da ta san wannan game da kanta, idan ta gode wa mai ba ta gudummawa, ta san ainihin abin da kuɗin ya riƙe.

Zama na biyu na jadawali ne, kuma nan ne aikin yake da nauyi. Muna zana shi da ginshiƙai huɗu: alkawarin, abin da aka yi a kansa bana, sunayen waɗanda suka yi, da inda aka gaza. Kowane alkawari muna ba mutum ɗaya ya bi shi ofis-ofis, ya dawo cikin mako biyu.

Alƙaluma suna da tarko da yawa. Na farko shi ne shekara. Shekarar kuɗi ta yawancin kwalejoji tana ƙarewa ne a 30 ga Yuni, shekarar karatu tana farawa a Agusta ko Satumba, shi kuwa mai ba da gudummawa shekarar harajinsa ce a ransa, wato Janairu zuwa Disamba. Idan aka ce “bana” ba tare da fayyace wacce ake nufi ba, ofishin kuɗi da ofishin rajista za su kawo alƙaluma biyu da ba su jitu ba, kuma dukansu daidai ne. Na biyu shi ne ƙirgen ɗalibai: akwai ƙirgen kai-da-kai, akwai kuma wanda ake haɗa masu karatun wucin gadi a mayar da su kwatankwacin masu cikakken karatu. Mun tsayar da cewa kowane adadi sai ya zo da sunan ofishin da ya bayar da kuma ranar da aka ciro shi, kuma adadi ɗaya daga ofis ɗaya. Na uku shi ne ƙaramin rukuni. Idan rukunin ɗalibai bai kai mutum 10 ba, ba ma buga alƙaluminsa, domin a ƙaramar kwaleji cewa “ɗalibai uku marasa gida” daidai yake da kiran sunayensu a lasifika.

Ginshiƙi na huɗu shi ake yi wa gardama kowace shekara. Akwai masu ganin lokacin biki ba lokacin tone-tone ba ne. Mu ra'ayinmu ya tsaya a kan cewa alkawari kaya ne, kuma wanda ya gode wa mutane saboda alkawarin da ya san bai cika ba, ya mayar da su shaidun zur ba da saninsu ba. Saboda haka gazawa guda ɗaya, wadda ta fi girma, tana shiga saƙon shugaba a fili, tare da abin da za a yi a kanta da ofishin da aka ɗora wa.

Hutun kansa yakan fallasa gazawar da ba a gani a sauran watanni, don haka muke duba shi da idon basira. Kwaleji da yawa suna cewa su gida ne ga kowane ɗalibi, sai ga shi ranar da aka gama jarrabawa an rufe ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci na makonni uku ko huɗu. Wa ya rage? Ɗaliban ƙasashen waje da kuɗin jirgi ya fi ƙarfinsu, matasan da suka tashi a hannun hukuma ba su da gidan komawa, da waɗanda gidan nasu ba wurin aminci ba ne. Ɗalibin da ke kan bizar karatu ta F-1 doka ta ba shi damar aikin cikin makaranta har sa'o'i 20 a mako lokacin karatu, da cikakken aiki lokacin hutu, amma ba zai yi aiki a waje ba sai da izini na musamman. To idan aka rufe ofisoshin da yake aiki a cikinsu, an rufe masa hanyar samun kuɗi ɗaya tilo a daidai lokacin da aka rufe kicin. Abin da muke yi kafin ƙarshen Oktoba shi ne mu nemi ofishin masauki ya buɗe rajistar masu zama, ba tare da tilasta wa kowa ya faɗi dalili ba. Daga nan a tattara su a gini ɗaya mai kicin, a sanar da sashen gyare-gyare kada a rage ɗumin wannan ginin kamar yadda ake rage na sauran, a tanadi katin sayen abinci, a tabbatar akwai ma'aikaci ɗaya da za a iya kira kowane dare, a kuma duba ko ɗakin karatu ko ofishin gyare-gyare na da aikin hutu da za a ba su. Abin da ya fi ɓacewa shi ne jigila. Motar makaranta takan daina zirga-zirga ranar da aka rufe, kantin abinci mafi kusa kuma yana iya zama tafiyar da ba ta yiwuwa a ƙafa cikin ƙanƙara.

Sai jerin sunaye. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ciro shi daga takardar albashi. Takardar albashi ba ta san ma'aikatan kwantiragi ba, kuma a kwalejoji da yawa girki, goge-goge da gadi duk kamfanonin waje ne ke yinsu. Ba ta cika nuna malaman wucin gadi da suka koyar a zangon bazara suka tafi ba. Ba ta san iyalan gari da ke karɓar ɗaliban waje a gidajensu ba, ko masu kula da ɗalibai a wuraren koyon aiki. Muna neman sunayen ma'aikatan kwantiragi daga shugaban kowane kamfani, da yadda kowa yake rubuta sunansa da kansa. Sannan a makon farko na Nuwamba muna ajiye tebur a bakin ɗakin cin abinci da ƙananan katuna masu tambaya ɗaya tak: wane ne ya taimake ka a wannan zango wanda ba ka taɓa gode masa ba, kuma me ya yi? Tambaya ɗaya, domin in ta kai uku, ɗalibi mai sauri zuwa aji ba zai tsaya ba. Daga katunan nan ne sunayen da babu su a kowane ofis suke fitowa: matar da ke karɓar kati a ƙofar ɗakin cin abinci wadda ta lura wani yaro ya kwana biyu bai zo ba ta sanar da mai kula da ɗakinsu, ko mai gadin da ke raka ɗalibai daga ɗakin gwaje-gwaje zuwa masauki da tsakar dare. Wani katin babu suna, sai kwatance kawai, “mutumin da ke gyaran famfo a gini na uku”, sai mu bi shi sashen gyare-gyare mu samo sunan.

Taron godiya na ma'aikata yana da wata matsala da ake yawan mantawa. Idan aka sa shi da tsakar rana, masu aikin dare suna barci, ma'aikatan kicin kuma su ne za su dafa abincin da ake gode musu da shi, su wanke kwanukan bayan an watse. Muna yin taron kashi biyu, ɗaya da rana ɗaya a lokacin canjin aiki da sassafe, abincin daga waje, shugabanni su ne masu rabawa, kuma lokacin taron ana lissafa shi cikin sa'o'in albashi. Game da kyauta kuwa, a dokar harajin Amurka kuɗi a hannu ko katin sayayya da ma'aikata ta ba ma'aikacinta ana lissafa shi albashi ne komai ƙanƙantarsa, kuma ana cire masa haraji. Idan ba a gaya wa ofishin albashi da wuri ba, mutum zai ga an zaftare masa wani abu a albashin Disamba bai san dalili ba, daɗin kyautar ya koma tambaya. Ko dai kwalejin ta ɗauki nauyin harajin, ko a sanar da mutane tun farko.

Wasiƙun ɗalibai zuwa ga masu ba da tallafi su ne suka fi taɓa zuciya, kuma su ne suka fi sauƙin lalacewa. Ɗalibai da yawa suna jin nauyi, suna ganin ba su iya tsara magana ba. Muna gaya musu abin da masu bincike Amit Kumar da Nicholas Epley suka gano a nazarin da suka buga a 2018: masu rubuta wasiƙar godiya sukan raina irin farin cikin da mai karɓa zai yi, sukan kuma zaci abin zai ba shi kunya fiye da yadda yake ba shi. Marubucin yana damuwa da ko kalmominsa sun yi kyau, shi kuwa mai karɓa gaskiyar zuciyar yake dubawa. Jin wannan kaɗai yakan sa hannu ya saki.

Zaman rubutun minti 45 ne, ɗalibai 15 zuwa 20 a ɗaki, da ma'aikata biyu masu zagayawa. Kowa yana fara rubutawa a takardar gwaji kafin ya taɓa kati, kuma a kan kowane kati 100 muna ƙara 10 saboda waɗanda za su ɓaci. Wasiƙar kalma 120 zuwa 150 ta isa. Muna neman abu uku a cikinta: wane ne kai kuma me kake karanta, abu ɗaya takamaimai da tallafin ya sa ya yiwu a wannan zango, da abin da kake shirin yi a zango mai zuwa. Na tsakiyar shi ne ran wasiƙar. “Na gode da karamcinku wanda ya canza rayuwata” jimla ce da kowa zai iya rubuta wa kowa. “Saboda tallafin nan na bar aikin dare na ranar Laraba, na samu shiga ajin gwajin sinadarai da ake yi Alhamis da safe” jimla ce da mutum ɗaya ne kawai a duniya zai iya rubuta ta. Ba ma raba samfurin wasiƙa da za a cike gurabe, domin mai tallafa wa ɗalibai biyar zai buɗe ambulan biyar ya karanta magana iri ɗaya sau biyar. Haka abin yake idan ɗalibai suka sa manhajar kwamfuta ta rubuta musu, wasiƙun sukan fito sumul, kuma duk kamarsu ɗaya.

Akwai iyakoki da ba ma tsallakewa. Ba ma neman ɗalibi ya ba da labarin talaucinsa ko na gidansu. In ya so ya faɗa, nasa ne, amma mutuncinsa ba ya cikin abin da tallafin ya saya. Ba ma riƙe kuɗin tallafi har sai an kawo wasiƙa, ko da yake wasu makarantu suna yin haka, domin godiyar da aka karɓa da barazana rasit ce kawai. Muna tunatarwa sau biyu, daga nan ofis ya rubuta wa mai tallafin da kansa. Sannan akwai dokar FERPA ta 1974 da ke kare bayanan karatun ɗalibi. Kafin a gaya wa mai tallafi makin ɗalibi ko wani abu daga kundinsa, muna karɓar izini a rubuce mai sa hannu da kwanan wata, wanda ya fayyace bayanan da za a fitar, dalilin fitarwa, da wanda za a ba. Ɗalibi ba ya sa lambar wayarsa ko adireshinsa a kati, komai ta ofis yake bi, zuwa da dawowa. Kuma kafin a raba sunayen masu tallafi muna duba wanda ya nemi a sakaya sunansa, da wanda ya rasu don a rubuta wa iyalinsa da lafazin da ya dace.

Abu uku ne muke raba wa ambulan dabam-dabam: rasit, godiya, da roƙo. Rasit aikin doka ne. Hukumar haraji ta Amurka, IRS, ba ta yarda mutum ya nemi ragin haraji a kan gudummawar dala 250 ko fiye ba sai yana da shaida a rubuce daga wurin da ya ba, mai nuna adadin kuɗin da kuma ko an ba shi wani kaya ko hidima a madadinsa. Idan ya biya fiye da dala 75 kuma ya samu wani abu, kamar kujera a liyafar tara kuɗi, wajibi ne kwalejin ta gaya masa kimar abin da ya samu don a cire. Idan kaya ya bayar, littattafai ko na'ura, ana kwatanta kayan ne a rasit, ba a sa masa farashi. A ƙarshen Disamba kuma muna ajiye ambulan ɗin da cak ya zo a ciki, domin ranar da aka aiko shi ta gidan waya ce ke nuna shekarar da gudummawar ta faɗa. Duk wannan yaren haraji ne, kuma in ya shiga wasiƙar godiya sai ya sanyaya ta.

Roƙo kuwa ya fi haɗari. Tun 2012 ake ware Talatar da ke bin Ranar Godiya don neman gudummawa, abin da ake kira Giving Tuesday, kwana biyar kacal bayan bikin. Jarabar da ofishin tara kuɗi ke fuskanta ita ce ya cusa ambulan na mayar da amsa a cikin katin godiya, ko ya liƙa mahaɗin biyan kuɗi a ƙasan imel. Ba ma yarda. Duk wanda ya ga roƙo a ƙarƙashin godiya, zai karanta godiyar a matsayin sallamar mai neman bashi. Wasiƙar godiya ga mai gudummawa tana faɗin alkawarin da kuɗinsa ya taɓa, da abin da aka yi da shi, musamman in ya ƙayyade abin da yake so a yi, shi ke nan ta tsaya.

Ranar bugawa ita ce ranar da ƙaramin sakaci ke zama abin kunya. Idan aka haɗa jerin sunaye da wasiƙa ta kwamfuta, layi ɗaya da ya goce ya isa ya sa kowa ya karɓi sunan maƙwabcinsa, kuma hakan yakan faru ne idan wani ya jera ginshiƙi ɗaya bisa haruffa ya bar sauran. Sunaye masu haruffa na musamman, masu lanƙwasa ko ɗigo a kai, sukan koma alamar tambaya idan aka adana fayil ɗin ba a tsarin UTF-8 ba, wato tsarin kwamfuta da ke gane irin waɗannan haruffa. Akwai ma'auratan da suka rabu amma har yanzu suna layi ɗaya, da wadda ta zama Dakta ko Farfesa ba a gyara ba, da mamacin da ba a sa masa alama ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi ciwo, wasiƙar barka da biki ta isa hannun gwauruwa da sunan mijinta. Saboda haka muna buga guda 20 na farko kawai, mutum biyu su zauna, ɗaya yana karanta jerin da murya ɗaya yana bin takarda, sannan a duba guda 20 na ƙarshe, domin in layi ya goce a tsakiya a can zai bayyana. Muna aikawa da kan sarki na aji ɗaya, ba da rahusar aika wasiƙu da yawa ba, domin waccan tana jinkiri kuma ba a saba dawo da ita ba idan adireshi ya canza. Na cikin ƙasa suna fita a mako na biyu na Nuwamba, na ƙasashen waje tun ƙarshen Oktoba.

Saƙon shugaba shi ne na ƙarshe da ake rubutawa, domin daga jadawalin yake fitowa. Kalma 400 zuwa 500, alkawura biyu ko uku kawai, kowanne da aikin da aka yi da mutanen da suka yi, bayan an nemi izininsu a ambaci sunansu. Sai gazawar nan guda ɗaya, sai bayanin abin da zai kasance a buɗe lokacin hutu da lambar da za a kira. Muna kula da lafazi. Kwalejin da aka kafa a kan addini tana da 'yancin yin magana da harshen addininta, kuma ya fi mata ta yi hakan a fili da ta ɓoye. Amma a cikin masu karantawa akwai mai Kirsimeti, akwai mai Hanukka, bikin Yahudawa, akwai mai Kwanza, bikin wasu baƙaƙen fatar Amurka, akwai Musulmin da Sallarsa ke matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara don haka ba ta da alaƙa da Disamba, akwai wanda ba ya bikin komai. Akwai kuma 'yan asalin ƙasar, waɗanda wasunsu tun 1970 suke taruwa a garin Plymouth na jihar Massachusetts a Ranar Godiya don zaman makokin abin da ya sami kakanninsu. Saboda haka ba ma ƙawata saƙon da labarin liyafar 1621 da ake danganta asalin Ranar Godiya da ita, wadda aka yi tsakanin Turawan da suka sauka da mutanen Wampanoag, 'yan asalin yankin, kamar komai ya tafi lafiya daga nan. Muna kuma ambaton waɗanda kwalejin ta rasa a shekarar, ɗalibi ko ma'aikaci, bayan an tuntuɓi iyalansu. Kafin saƙon ya fita, ɗalibi ɗaya da ma'aikaci ɗaya da ba su cikin kwamitin suna karanta shi, tambayar da muke musu kuwa ita ce ko akwai jimlar da suka san ba gaskiya ba ce.

A mako na biyu na Janairu kwamitin yana sake zama. Wasiƙun da suka dawo ana gyara adireshinsu a kundin bayanai, amsoshin masu tallafi ana miƙa wa ɗaliban da aka rubuto wa, ɗaliban da suka yi hutu a makaranta kuma ana tambayarsu abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba, tun ba su manta ba. Ginshiƙi na huɗu na jadawalin ana mayar da shi takarda mai shafi ɗaya, kowace gazawa da kiyasin kuɗin gyaranta da sunan ofishin da zai ɗauka, a miƙa wa amintattu kafin zamansu na tsara kasafin shekara mai zuwa. Kwafi ɗaya yana shiga fayil ɗin kwamiti, kuma shi ne takarda ta huɗu da ake ɗorawa a kan tebur idan Oktoba ta zagayo.